Gidajen ibada masu ganuwa a ƙasar Butan: wanne ya cancanci wahalar hanya?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Butan, ƙaramar masarautar nan da ke maƙale tsakanin Indiya da Tibet. Muna da hutun mako guda a watan Afrilu, daga Delhi za mu tashi, ni da maiɗakina da yaro ɗan shekara 9. Abin da nake so mu gani shi ne tsofaffin gidajen ibadar mabiya Budda da aka gina kamar tungar yaƙi, musamman wanda ake yawo da hotonsa manne a jikin dutse. Nawa ake kashewa, ta ina ake farawa, kuma me Musulmi zai kiyaye?

Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam. Baban Sadik, abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, gara a raba su tun yanzu. Wanda ke manne a jikin dutse sunansa Taktsang, a saman kwarin Paro yake, an gina shi a 1692 a bakin wani kogo da suke girmamawa. Wurin ibada ne zalla, ba a gina shi don yaƙi ba. Mai ganuwar kuwa shi suke kira dzong, kana iya furta shi "zong" a gane ka.

Asalin mafi shahara a cikinsu daga mutum ɗaya ne, Zhabdrung Ngawang Namgyal, babban limami da ya baro Tibet a 1616 bayan rikicin gado, ya haɗe kwaruruwan ƙasar ƙarƙashin mulki guda. Kowane kwari ya kama sai ya kafa dzong a inda zai tsare hanya ko mahaɗar kogi: Simtokha a 1629, Punakha a 1637, Wangdue Phodrang a 1638, Paro da Trongsa a shekarun 1640. Rundunonin Tibet sun yi ta kawo hari a wannan zamanin, shi ya sa ginin ya fito da wannan siffa.

Abin da baƙi suka fi kasa ganewa: dzong ba kufai ba ne, ba kuma gidan tarihi ba. Har gobe rabinsa ofisoshin gwamnan gunduma ne, rabinsa mazaunin 'yan zuhudu. Ƙasar tana da gundumomi 20, sunan gunduma a wurinsu dzongkhag, sunan harshen ƙasa ma Dzongkha, wato harshen dzong. Ka ɗauka fadar sarki za ka shiga ranar aiki. Duk dokokin da za a lissafo maka a ƙasa daga nan suka samo tushe.

Hajiya Mai Tikiti:
Bari in yi maganar kuɗi, don ita ke sa mutane janyewa. Gwamnatin Butan tana karɓar haraji a kan kowane baƙo, kowane dare. Da aka buɗe ƙasar bayan korona a Satumban 2022 dala 200 ne, daga Satumban 2023 aka rage zuwa dala 100, kuma ragin zai kai ƙarshen Agustan 2027. Yaro daga shekara 6 zuwa 12 rabi yake biya, wanda bai kai 6 ba kyauta. Biza dala 40 kowane mutum.

Lissafinku na dare 6: kai 600, Maman Sadik 600, Sadik 300, biza uku 120. Dala 1,620 ke nan tun ba ku kwanta a otal ba, ba ku ci abinci ba, ba ku biya mota da ɗan jagora ba, ba ku sayi tikitin jirgi ba. Harajin ba ya ɗauke ko ɗaya daga cikinsu. A da, kafin 2022, kuɗin rana ya haɗa har da masauki da mota, to tsofaffin bayanan da ke intanet suna ruɗa mutane. Kuma akwai kuɗin ƙofa a manyan wuraren, shi ma daban.

Kada wani aboki Ba'indiye ya ce maka arha ne. Su rupi 1,200 suke biya a dare, fasfo ake dubawa, ba inda mutum yake zaune ba.

Baban Sadik:
Hajiya, na gode. To ɗan jagoran dole ne? Ba zan iya ɗaukar tasi in zaga da kaina ba?

Hajiya Mai Tikiti:
A cikin garin Paro da Thimphu, babban birnin ƙasar, kana iya yawon kasuwa kai kaɗai. Shiga dzong da fita zuwa sauran gundumomi kuwa sai da ɗan jagora mai lasisi. Mafi sauƙi ka ɗauki kamfanin yawon buɗe ido na can ya haɗa maka biza, mota da direba, jagora da otal a takarda ɗaya, ka ga farashin kowanne a rubuce kafin ka tura ko sisi.

Abu uku da ke ɓata tafiya tun daga gida. Na ɗaya, bizar Indiya: in ta shiga sau ɗaya ce, ranar da ka fita zuwa Paro, inda jirgi ke sauka a Butan, ta mutu, ba ka da hanyar komawa Delhi. Duba ta yau. Na biyu, katin rigakafin shawara. Indiya ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar, sai allurar ta kwana 10 take aiki, wanda ba shi da shi kuma ana iya killace shi har kwana 6. Na uku ga masu tunanin bi ta Kathmandu: 'yan Najeriya, Gana da Kamaru ba a ba su bizar Nepal a filin jirgi, sai an nema tun kafin a tashi.

Ɗan Agadas:
In ƙara a kan jirgi. Kamfani biyu kacal ke sauka a Paro, Drukair da Bhutan Airlines. Filin yana cikin kwari, tsayinsa daga teku ya haura mita 2,200, duwatsu kewaye da shi, matuƙi da ido yake bin kwarin har ya sauka. Saboda haka ba a sauka da dare, kuma gajimare ko iskar yamma suna ɗage tafiya. Wanda zai haɗa da jirgin komawa gida ta Adis Ababa ya bar tazarar kwana guda cur a Delhi. Tikiti biyu ne daban, in na farko ya makara na biyu ba ruwansa. Wajen zuwa ku nemi kujerun hagu, ta nan ake hango jerin tsaunukan Himalaya in gari ya washe.

Agogonsu yana gaban na Kano da Yamai da awa 5, yana gaban na Delhi da rabin awa.

Injiniya Magini:
Ni dai in mutum zai ga guda ɗaya tak, Punakha zai gani. Bari in faɗi abin da za a kalla, don mafi yawan mutane hoto suke ɗauka su fita ba su ga ginin ba.

Yana zaune a tsinin ƙasa inda koguna biyu suka haɗu, Pho Chhu da Mo Chhu, wato kogin namiji da kogin mace. Tsawonsa kusan mita 180, faɗi kusan 72. Ruwa ya tsare gefe biyu, sai ka haye gadar katako mai rufi kafin ka isa. Ita kanta gadar abin kallo ce: ba ginshiƙi a tsakiyar ruwa, gungume ake jerawa daga kowace gaɓa, kowane sahu ya zarce na ƙarƙashinsa, an danne gindinsu da nauyin ɗakin dutse, har su kusa haɗuwa a ɗora na tsakiya. Ta yanzu a 2008 aka gama ta, faɗin da ta tsallake kusan mita 55, tsohuwar ambaliya ce ta tafi da ita tun shekarun 1950.

Ƙofa ɗaya ce babba, kuma ba a ƙasa take ba. Matakalar katako mai tsananin miƙewa ake hawa, an yi ta ne yadda za a janye ta in an kawo hari. Bangon dutse ne da laka, gindi mai kauri, yana rairayewa ciki yayin da yake hawa, an shafe shi da farar ƙasa. Hawan ƙasa kusan ba taga, tagogi masu ado sai can sama inda kibiya da tsani ba sa kaiwa da sauƙi. Jan ɗamarar da ka gani a ƙarƙashin rufi, khemar suke ce mata, alama ce cewa ginin na ibada ne.

Ciki farfajiya uku ce a Punakha, yawancin sauran biyu gare su. Ta farko ta ofisoshi, da farar hasumiyar ibada da babbar bishiya a tsakiya. Sai doguwar hasumiya mai hawa 6 da suke kira utse, ita ce mafaka ta ƙarshe in an ci ganuwa. Bayanta ɓangaren 'yan zuhudu, can ƙurya kuma babban zauren taro mai ginshiƙai da zanen bango.

Aikin katakon gargajiya ba ƙusa, ba kuma zane a takarda. Babban kafinta yana riƙe da awo a kansa, a fafe wannan a cusa wancan. Rufin kuma ba ya zaune a kan bango, an ɗaga shi a kan ƙafafun katako, iska na ratsawa ta ƙarƙashi. A da fale-falen katako ne aka danne da duwatsu, yanzu yawanci kwano ne.

Wani abin da zai ba Bahaushe dariya: gidajen ƙauyen yammacin ƙasar da ƙasa ake gina su, a kafa alluna biyu, a zuba ƙasa mai danshi a tsakani, mata su hau da madaɓi suna bugu suna waƙa. Daɓe ne sak, sai dai namu a ƙasa yake kwance, nasu bango yake tashi.

Maman Ilham:
Injiniya, tunda katako ne haka, ashe wuta ba ta barin su?

Injiniya Magini:
Nan ciwon yake, Maman Ilham. Abin da sojan Tibet bai iya ba, wuta ta iya. Ku haɗa busasshen katako na ɗaruruwan shekaru, fitilun man shanu da ke ci dare da rana kamar aci-balbal, labule da tutocin alharini, wayar lantarki da aka saƙa daga baya, sannan rufin nan da aka ɗaga yana jan iska kamar murhu. Ƙofa ɗaya, motar kashe gobara ba ta da ta inda za ta shiga.

Dzong ɗin Drukgyel, wanda aka gina a 1649 don tunawa da nasara a kan Tibet, ya ƙone a 1951, ya zauna kufai fiye da shekara sittin kafin a fara sake gina shi a 2016. Taktsang ya ƙone a Afrilun 1998, sai 2005 aka gama gyara. Wangdue Phodrang ya ƙone ƙurmus a Yunin 2012, aka sake buɗe shi a 2022. Punakha kansa ya sha wuta sau da dama, girgizar ƙasa ta 1897 ta taɓa shi, sannan a Oktoban 1994 wani tafkin ƙanƙara a can saman Pho Chhu ya fasa, ruwan ya ɗebi wani sashe na harabar, mutum fiye da ashirin suka rasu a kwarin.

Saboda haka in jagora ya ce maka gini na 1637 ne, wuri da tsari yake nufi. Katakon da kake taɓawa wataƙila ƙanenka ne a shekaru.

Ɗan Agadas:
Injiniya, a nan zan saɓa maka. Punakha kyakkyawa ne, ba musu, amma a ƙasan kwari yake, mita 1,200, kusan tsayin Jos. Baban Sadik ganuwa a kan tsauni ya ce. Wannan Trongsa ce. Shi ne mafi girma a ƙasar, an shimfiɗa shi a kan doron dutse hawa-hawa, kogin Mangde yana can ƙasa cikin rami. Tsohuwar hanyar da ta haɗa gabas da yamma ta cikin dzong ɗin take ratsawa, in gwamna ya rufe ƙofa ya raba ƙasar biyu, ba fatake ba manzo. Daga wannan ƙarfin gidan sarautar yanzu ya fito, kuma har yau sai yarima ya riƙe sarautar Penlop, wato gwamnan Trongsa, kafin ya hau gado. Wanda yake son ya gane dalilin gina dzong, can zai gane.

Hajiya Mai Tikiti:
Ɗan Agadas, gaskiyarka a tarihi, amma lissafa hanyar. Daga Thimphu zuwa Trongsa kusan kilomita 200, awa 6 zuwa 7 a mota, a haye mashigin tsaunin Dochula sannan a haye na Pele La mai mita 3,400. Hanyar ba ta miƙe minti ɗaya. Ko an hango ginin daga ƙetaren rami, hangen Dala ba shiga birni ba, sai an sake zagaye kwarin. Zuwa da dawowa kwana biyu ke nan cikin shida, da yaro ɗan shekara 9 a bayan mota yana amai. Mai kwana 10 ya je. Mai mako guda ya haƙura.

Mai Tarihi:
Ina bayan Hajiya. Kuma kada a rage wa Punakha daraja don yana ƙasa. Shi ne babban birnin ƙasar har 1955 da aka koma Thimphu. A cikinsa aka naɗa sarki na farko, Ugyen Wangchuck, ranar 17 ga Disamba 1907. A cikinsa aka sa hannu kan yarjejeniya da Turawan Ingila a 1910, a cikinsa sarkin yanzu ya ɗaura aure a Oktoban 2011.

Gawar Zhabdrung ma tana ciki, a wani ɗaki na farfajiya ta uku. Ya rasu a 1651, amma manyan fada suka ɓoye mutuwar sama da shekara 50, ana cewa ya shiga halwa, ana kai abinci ƙofa, ana fitar da umarni da sunansa, don kada Tibet ta ji ta far musu ko gwamnoni su ɓalle. Ɗakin nan ba baƙo ke shiga ba, ko 'yan ƙasa ba sa shiga, sai sarki da babban limamin ƙasa da masu kula da shi. Kada ka matsa wa jagora a kai.

Babban limamin, Je Khenpo, da jama'arsa suna yin hunturu a Punakha saboda ɗumi, su koma Thimphu da zafi. In ka zo suna nan za ka tarar da gidan cike.

Likitan Zaure:
Ku ba ni fili, akwai abin da ya shafe mu fiye da sauran baƙi. Tambaya ta farko, Baban Sadik: kun san rukunin jininku ku uku, AA, AS ko SS?

Dalili: a mita 3,000 iskar da kake shaƙa tana ba ka kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take bayarwa a bakin teku. Kano ba ta kai mita 500 ba. Tsauni mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi, mita 2,419 ne, wato garin Thimphu da za ku kwana ya kusa kai shi. Mai sikila, SS ko SC, ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa su ne ainihin masu tayar masa da ciwo. Kada ya shirya wannan tafiya sai likitansa ya amince, kuma hawan Taktsang ba nasa ba ne. Mai AS yawanci lafiya lau yake zuwa ya dawo, amma an san cewa a kan tsauni, in aka haɗa da wahala da rashin shan ruwa, jini kan toshe a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu. Wanda ya ji haka ya tsaya, ya sauko, a kai shi asibiti, a faɗa wa likitan da baki cewa shi AS ne, don ba cutar da suka saba gani ba ce a can.

Ciwon tsauni na kowa da kowa kuma daga mita 2,500 yake fara yawa, kuma inda ka kwana ya fi inda ka taka muhimmanci. Paro da Thimphu suna ƙasa da wannan, Punakha ma can ƙasa. Saboda haka a irin wannan tafiya yawancin mutane ba sa buƙatar acetazolamide, maganin rigakafin ciwon tsauni. In likita ya rubuta, abin da aka saba ga babba shi ne miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana guda kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin ƙaiƙayi a yatsu, kuma ba a sha da ka, balle a ba yaro. Ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci a daren farko ba abin tsoro ba ne. Haki a zaune, tari mai kumfa, tangaɗi ko ruɗewa, waɗannan saukowa ake yi nan take, ko da tsakar dare.

Baban Sadik:
Likita, Allah ya saka da alheri. Ni AS ne, su biyun AA. To yaya za a jera kwanakin?

Likitan Zaure:
Taktsang a ƙarshe, ba a farko ba. Kuskuren da aka fi yi ke nan: a sauka yau, gobe a hau mita 3,120 don yana kusa da filin jirgi.

Hajiya Mai Tikiti:
Ga yadda aka saba jerawa. Ranar sauka a wuce Thimphu, awa ɗaya da ɗan kai, a huta. Kwana na biyu Thimphu: Simtokha da rana, dzong ɗin Tashichho da yamma, don shi ofishin sarki ne, ranar aiki sai an tashi daga ofis ake barin baƙi. Kwana na uku a tashi da sassafe zuwa Punakha, kilomita 70 da 'yan kai, awa biyu da rabi zuwa uku, a tsaya a Dochula, mita 3,100, inda ƙananan hasumiyoyi 108 suke. Da safe ake ganin tsaunuka a nan, kafin hantsi gajimare ya rufe. Rigar sanyi a hannu, ba a cikin akwati ba: kowace mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, za ka yi rawar ɗari a Dochula, bayan awa ɗaya kana gumi a Punakha. Dare biyu a can, a dawo Paro a ga dzong ɗinsa da hasumiyar tsaro ta samansa da aka mayar gidan tarihi a 1968. Washegari Taktsang, washegari jirgi.

Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu bishiyoyin da ke jikin bangon Punakha suna fitar da fure shuɗi mai ruwan hoda, lokacin da aka fi ɗaukar hotonsa ke nan. Yuni zuwa Satumba damina ce, zaftarewar ƙasa na rufe hanya, matsattsaku a daji. Oktoba da Nuwamba sun fi kowane lokaci hasken sama.

Ɗan Agadas:
Taktsang kuma, tunda kowa ya ci zomo ya ci gudu. Daga inda mota ke tsayawa, kusan mita 2,600, hawa ne na awa 2 zuwa 3. A tsakiya akwai wurin shan shayi. Ana hayar doki, amma iyakarsa wajen nan, kuma hawa kawai yake yi, kowa da ƙafarsa yake saukowa. Kashi na ƙarshe ne ke karya gwiwa: kana ganin ginin daidai idonka a ƙetare, sai ka sauka matakala zuwa gindin wani ruwa mai zubowa, ka sake hawa, kusan taki 700, sannan a maimaita a dawowa. A ƙofa ana karɓe jaka, waya da kyamara a kulle a akwati. A fara da ƙarfe 7 na safe, lita biyu na ruwa kowane babba, sandar dogarawa, takalmi mai kama ƙasa. In doki ya taho a ba shi hanya ta ɓangaren rami, kai ka manne da jikin dutse. Yaro lafiyayye ɗan shekara 9 yakan riga iyayensa isa.

Maman Ilham:
Har yanzu ba a amsa masa tambaya ta uku ba. Ni abin da ya dame ni, shiga wurin da gumaka suke. Sannan hijabi fa?

Malam Ƙarami:
Hukuncin shiga malamai sun yi magana a kai, kuma ba bakinsu ɗaya ba, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi kafin ya tashi. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda wurin yake, don tambayar ta yi daidai.

Farfajiya daban, ɗakunan ibada daban. Ganuwa, gada, hasumiya, aikin katako, duk daga farfajiya ake ganinsu, kuma nan ne kaɗai aka yarda a ɗauki hoto. Mutum-mutumin suna cikin ɗakunan, inda ake cire takalmi kuma aka hana hoto. Wanda ya tsaya a waje ba mai tambayarsa dalili. Wanda ya shiga ba a sa shi rusuna ko ajiye kuɗi. Wani lokaci ɗan zuhudu yakan zuba wa masu ziyara ruwan tabarrukinsu a tafin hannu, in ba ka miƙa hannu ba ya wuce. Ka faɗa wa jagora tun a mota cewa ku Musulmi ne, kallo kuka zo, shi zai share muku hanya.

Salla: a yi ta a masauki ko a gefen hanya, ba a harabar dzong ba, kuma kada a dogara da samun masallaci a wannan hanyar. Matafiyi ne kai, kana da sauƙin ƙasaru. Alƙibla kuma, a kula, daga Butan yamma take, kusan daidai mafaɗar rana. Bakinmu ya saba da "fuskantar gabas", can in ka fuskanci gabas ka ba ta baya.

Mai Tarihi:
Tufafi. 'Yan ƙasa ba sa shiga dzong sai da kayan gargajiya, namiji ya yafa wani dogon mayafi mai suna kabney wanda launinsa ke nuna muƙami: fari na talaka, ja na mai sarautar Dasho, kore na alƙali, ruwan lemo na minista, rawaya na sarki da Je Khenpo kaɗai. Baƙo ba a neman wannan a wurinsa. Dogon wando, riga mai hannu, takalmi rufaffe. Kaftani ya wadatar har ya yi yawa. Babbar riga dai a bar ta a otal, matakalar ciki tsani ne kawai da suna, hannu biyu ake buƙata.

Inda za a iya samun tangarɗa shi ne kai. Ana cire hula a ƙofa, laima ma a naɗe ta. Hular Baban Sadik aljihu za ta shiga. Maganar hijabi kuwa kada a bar ta sai an isa gaban ɗan sandan ƙofa: a rubuta wa kamfanin tun kafin a biya kuɗi cewa uwargida tana rufe kai saboda addini, su ba da amsa a rubuce, jagora ya san shi zai yi bayani. Sauran ƙanana ne: ba a nuna mutum-mutumi ko limami da yatsa, da buɗaɗɗen tafi ake yi, ba a taka dokin ƙofa, tsallakewa ake yi, in an zauna ba a miƙe ƙafa ta wajen abin da suke girmamawa, hasumiyar ibada in ta tare hanya a bar ta a hannun dama, direbobi ma haka suke yi.

Maman Ilham:
To abinci? Kada a je a wuni da biskit.

Hajiya Mai Tikiti:
Ba za a wuni da biskit ba, amma a manta da nama na mako guda. Yawancin naman da ake ci daga Indiya ake shigo da shi, ba ka san yankan wa ba, kuma naman alade yana cikin abincin da suka fi so, busasshe da ɗanye, ana dafa shi da barkono da ganye. Ku ce wa kamfani ku marasa cin nama ne tun farko, abu ne da suka saba da shi. Akwai jar shinkafa, ƙwai, wake irin na Indiya, dankali da cuku da suke kira kewa datshi, da abincin ƙasa ema datshi, wanda barkono ne zalla aka dafa da cuku. A wurinsu barkono shi ne miyar, ba kayan yaji ba, Sadik ya ɗanɗana da kaɗan. Shayin man shanu da gishiri, suja, ba laifi a cikinsa sai baƙunta. Abin da za a miƙo a ƙaramin kofi a gidan ƙauye ana ce masa ara, giya ce.

Wani abu kuma, da kunya amma gara a faɗa. A hanyar Punakha akwai ƙauyen da ake bi zuwa wani wurin ibada mai suna Chimi Lhakhang, kusan kowane kamfani yana sa shi a jadawali. Bangayen gidaje da shagunan wurin cike suke da zanen al'aurar namiji, al'adarsu ce ta kore maita. Mai tafiya da iyali ya ce a cire shi, a musanya da doguwar gadar igiya da ke kan Pho Chhu, bayan dzong kaɗan.

Injiniya Magini:
Kuɗin hannu: kuɗinsu ngultrum daidai yake da rupi ɗaya-da-ɗaya, ƙananan takardun rupi suna karɓuwa. Kada a dogara da katin banki na gida. Tsohon kayan ibada ko tsohon zane in an tallata maka kada ka saya, fitar da kayan tarihi laifi ne, a filin jirgi ake tsayar da mutum. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma a bar shi a Delhi.

Kuma ku sa abin toshe kunne a jaka. Karnukan Thimphu da rana barci suke, da dare su kama aiki.

Baban Sadik:
Allah ya bar zumunci. Na cire Trongsa, Ɗan Agadas ka yi haƙuri. Gobe zan duba bizar Indiya, in ga likita kan maganar AS. Saura ɗaya: awa nawa za a ware wa Punakha kansa?

Injiniya Magini:
Awa biyu zuwa uku. Ku nemi jagora ya tabbatar da lokacin buɗewa na ranar, don in ana wani biki ko babban baƙo ya zo akan rufe wani sashe. Hoton waje da yamma ya fi kyau, daga ƙetaren Mo Chhu. In kun zo gindin matakalar shiga ku ɗaga kai, akwai manyan saƙar zuma rataye a ƙarƙashin rufin, a riƙe hannun Sadik kada ya jefe su.